Idon Aro A Bencin Baba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba" tun safe, na ji ku. A tsaye na rubuta wannan, ku dai ku samu wuri ku zauna.

*

Sau biyar ke nan Auta yana tura fanel ɗin ƙarƙashin kyamara, ya janye, ya sake turawa. Ɗan koren allon nan na cikin waya, wanda bai kai tafin hannu ba, ya cika fuskar kwamfuta kamar an hango gari daga sama. Ya miƙe. Ya zauna. Ya ɗauki hantsaki, ya ajiye. Ƙafarsa sai kaɗawa take a ƙarƙashin benci har kwalbar ƙananan ƙusoshi tana rawa.

"Ka daina girgiza min benci," in ji Baba daga ɓangarensa, bai ko juyo ba.

"To, Baba."

Ya daina. Kafin a ƙirga goma ƙafar ta ci gaba da kanta.

Wayar Manajan su Yaya ce. Yaya ne ya kawo ta da hannunsa, bayan ya cika baki a wurin aiki cewa ƙaninsa ya iya gyara. Jiya da rana tana da sauran rai, in an sa mata caji sai ta yi haske ta mutu. Auta ya gano ciwon, ya bar ta a buɗe, ya fita sayen dalma a kan minti goma zai yi. A hanya ya haɗu da wani aboki da ya yi sabon babur. Minti goma suka zama awa uku. Yau da safe ya sa mata caji, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Sai ga kiran Yaya. Auta bai iya ɓoye abu a waya ba, muryarsa ke tona masa asiri.

"Ina zuwa sha biyu," Yaya ya ce. "Ka haɗa kayanka. Mun yi da kai, ranar da ka ɓata abu ɗaya ka bar shagon Baba ka bi ni mota. Gareji ka gudu, aski ka gudu, fenti ka gudu. In babbar mota ta kama hanya, sai ka nuna min ta inda za ka gudu."

Yanzu sha ɗaya ta wuce.

Auta ya dubi rabin bencinsa. Wata huɗu ke nan, kuma tun da ya bar makaranta bai taɓa yin wata huɗu a wuri ɗaya ba. Baba na can gefe da agogunansa, shi yana nan da wayoyi. A tsakaninsu ga kyamarar, abu ɗaya tak da ya fara kuma ya gama a rayuwarsa. Daga goshin wata matacciyar laftof ya ɓalle ta, siririya kamar ɗan yatsa. Ta farko ta ƙone a hannunsa saboda wuta ta yi mata yawa. Wannan ta biyun ya bi silinta huɗu ɗaya bayan ɗaya ya jona su da tsohuwar igiyar caja, ya murɗa ƙwayar idonta har ta koma ganin kusa, ya ɗaure ta a wuyan karyayyar fitilar tebur. Ranar da ta kawo hoto har rawa ya taka. Baba ya ce, "Wanda Allah ya ba ido biyu me zai yi da na aro?"

Ya ture wuyan fitilar gefe, ya sunkuya da idonsa.

A tsakiyar fanel akwai babban baƙin nan mai kusurwa huɗu, ƙwaƙwalwar wayar. A kowane gefensa akwai wani ɗan mitsitsi da bai kai kan ashana ba, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na dama ne ya ƙone, shi ya yi niyyar cirewa jiya.

Na dama yana nan daram, da ƙunarsa.

Na hagu, mai lafiyar, shi ne babu. Gefen ƙwaƙwalwar kuma ya kumbura, alamar ƙarfe mai zafi ya goge ta ba sau ɗaya ba. An dafa ta. Babu mai tayar da wannan wayar.

Ya mayar da kyamara ya dubi allo, ya sake duban fanel. A allo, gurbin da aka cire ɗin a dama yake.

Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Yau kuma wane aljanin ne?" in ji Baba.

"Ina zuwa."

Tela na bakin shagonsa, ƙofa ɗaya tsakaninsu, zare a baki, yana ta fama da allura.

"Injiniya. Yau babu sinima? Na ga ka fito kamar an koro akuya daga lambu."

"Baba Tela, jiya bayan na fita wa ya shiga shagonmu?"

"Ka mai da ni maigadi ke nan."

"Don Allah."

"Babu wanda ya shiga. Wa zai shiga, tsohonka ya turo ƙofa ya sa sakata? Har na ƙwanƙwasa in ari almakashi, ya ce yana aiki. Na ce wane irin aiki ne sai da sakata, ko kuɗi ake bugawa a ba ni nawa."

"Ya daɗe?"

"Na gama wando guda, na fara riga." Tela ya miƙo masa allura. "Zura min wannan, tun da ka zo. A da ubanka ke zura min, ya zura yana yi min dariya wai na tsufa. Yanzu in na kai masa sai ya ce hannunsa da mai. Wata nawa ke nan, kullum hannu da mai. Girman kai ne ya same shi, ko me?"

Auta ya zura zaren, ya koma.

Baba na zaune yadda ya bar shi, gilashin ido ɗaya a goshi, buɗaɗɗen agogo a gabansa. Auta ya tsaya a bayansa. Tun safe agogon nan yake buɗe, sai yanzu ya lura ko ƙusa ɗaya ba a taɓa ba. Idonsa ya sauka kan ɗan ƙaramin kofin gilashin da Baba ke kifewa a kan duk abin da ya cire, don kada iska ta ɗauke. Tun shi da Yaya suna yara suka san dokar, ko numfashi ba a yi kusa da kofin nan.

Ya miƙa hannu ya ɗaga shi.

"Kai, wa ya ba ka izini?"

A ƙarƙashi ga ɗan mitsitsin nan, an goge shi tas, an ajiye a kan farar takarda. Babu agogon da ke da irinsa a duniya.

"Baba, wannan na wayar Manaja ne."

"To?"

"Ya aka yi ya zo nan?"

"Ka tambayi kanka. Kai ne kayanka ba su da gindin zama kamar mai su."

"Ni ban taɓa goge abin da na cire ba. Kullum faɗan da kake min ke nan."

Baba ya ɗauki ɗan sukuddirebansa ya juya shi a hannu.

"Mayar min da kofi."

Auta ya mayar. Ya je ya turo ƙofa, ya dawo ya durƙusa a gefen kujerar Baba. Bai saba durƙuso mai tsawo ba, gwiwarsa har ta fara neman tashi, ya danne ta.

"Baba, ba rashin kunya zan yi ba."

"Duk wanda ya fara da haka ita zai yi."

"Duk mai kallon fanel ɗin da idonsa ba zai cire na hagu ba. Ƙunar a fili take. Sai wanda allo kawai yake kallo. Kai ka koya min a dubi abu da ido kafin a sa masa ƙarfe. Me ya sa ba ka duba ba?"

Ƙarar keken Tela kawai ke shigowa ta bango.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tashi ka ba ni wuri."

"Tun yaushe?"

Baba ya cire gilashin daga goshinsa ya ajiye a hankali. Ya jawo aljihun benci na ƙasa, wanda kullum a kulle yake. Agoguna ne a jere, kowanne a naɗe da takarda.

"Ƙirga."

"Tara."

"Tara. Kowanne na gaya wa mai shi ba a samun kayansa, ya ƙara haƙuri. Ni, da ake kawo wa agogon da kowa ya ƙi." Ya tura aljihun da gwiwa. "Wata bakwai. Kamar an shafa min man shafawa a gilashi. Ina ganinka, ina ganin ƙofa, ina ganin hanya in rana ba ta haske ni ba. Amma abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, ni da shi sai dai a lahira."

"Batir da madauri fa? Kullum ina gani kana sawa."

"Wannan ko a mafarki zan sa. Yatsuna ke yi."

"Ka je asibiti?"

"Na je. Yanar ido ce, wai. Wani yaro da bai kai ka ba ya ce za su yanka. Na ce masa na gode, na ɗauko hulata."

"Inna ta sani?"

"Innarku ta san komai, ta kuma yi kamar ba ta sani ba. Shekara arba'in ke nan sana'arta."

Auta ya miƙe, ya kai bango ya dawo. Shagon taku huɗu ne, bai ishe shi ba.

"To me ya kai ka wayar mutane, Baba? Da ka bar ta."

"Ka zauna, kana sa ni jiri."

Bai zauna ba. Baba ya juya fuskarsa wajen allon kwamfuta, haskensa ya kwanta masa a ido.

"Kai in kana aiki bakinka ba ya hutawa. Jiya ina ji kana cewa, ɗan banzan nan na dama, kai ne, yau zan cire ka. Ka fita. Na tashi in rufe maka abin don ƙura, sai na dubi allon. Auta, ƙura na gani. Ƙwaya ɗaya a kan fanel, ta yi girman dutse, har da inuwarta. Wata bakwai rabona da ganin ƙura."

Auta ya tsaya cak.

"Na zauna a kujerarka. Na sa yatsana a ƙasa, na ga zanen fatata. Na sa agogo, na ga haƙoran ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Sai zuciya ta ce min, ga yaron nan ya tafi yawonsa, yayansa na jiran ya yi kuskure, cire masa abin nan ya dawo ya tarar an gama. Mene ne a ciki? Na cire abin da ya fi shi ƙanƙanta sau dubu."

"Baba..."

"Bari in gama, ba kullum zan iya ba. Na ɗauki ƙarfe. Sai hannuna ya shiga gardama da ni. In ce masa dama, ya yi hagu. In ce masa hagu, ya yi dama. Sau uku yana faɗa wa baƙin nan na tsakiya, ina jin ƙauri. Da ƙyar na kai shi inda nake so." Ya ɗaga hannun damansa yana kallo, kamar na wani ne aka ba shi ajiya. "Wayar ba ita ta hana ni cin abinci jiya ba. Cewa na yi shi ke nan. Ido ya tafi, hannu ya bi shi. Ido ana yanka shi, in ji su. Hannu fa?"

Auta ya jawo kujerarsa ya zauna, a karo na farko tun safe ƙafarsa ta tsaya.

"Hannunka lafiyarsa ƙalau."

"Kada ka lallashe ni, ni ba yaro ba ne."

"Wallahi lafiyarsa ƙalau. Kyamarar ce. Ita don kallon fuska aka yi ta, kamar madubi take nunawa. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Ka ce wa hannunka dama, ya je dama, allon ne ya yi maka ƙarya."

"Madubi."

"Madubi. Ni na saba, nakan saci kallon fanel da idona, shi ya sa bai dame ni ba."

Baba ya dubi hannunsa. Ya buɗe yatsunsa, ya rufe.

"Ana gyara shi?"

"Ana gyarawa."

"Aikin kwana nawa ne?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Dannawa ɗaya ce."

"Me ya hana ka?"

"Na ce gobe."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ba ta daɗi ba, ba kuma ta fushi ba.

"Ɗan gidan gobe. Danna mu gani."

Auta ya shiga inda ake saiti ya danna. Hoton ya juya. Ya janye mataccen fanel ɗin, ya ɗauko agogon da ke buɗe tun safe ya sa a ƙarƙashin kyamara, ya murɗa ƙwayar idonta har haƙoran suka fito ɗaya ɗaya. Ya miƙe ya ba Baba kujera.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da allo. Ya ɗauki sukuddireba, siriri kamar tsinken sakace. A allon, bakin ƙarfen ya shigo daga dama, ya tafi kai tsaye ba ko tangarɗa, ya zauna a tsagar ƙusar. Juyi uku, ƙusa ta fito. Hantsaki ya ɗauke ta. Ta biyu. Ta uku.

"Kawo kofi," Baba ya ce, muryarsa ta canja.

Auta ya kawo.

"Siririn silin nan na ciki, gashin ma'auni, shi ne ya hau kan ɗan'uwansa. Ka gani? Wata biyu ina gaya wa mutumin nan babu kayansa, ashe hura masa iska kawai za a yi."

"Tara ɗin nan sati ɗaya za su yi maka."

"Kwana huɗu."

Suka dubi juna. Sai kuma abin ya faɗo musu lokaci ɗaya. Auta ya duba wayarsa. Sha biyu saura kwata.

"In yayanka ya zo ni zan yi magana," in ji Baba.

"A'a."

"Ni kake ce wa a'a?"

"Baba, na ji alƙawarin da kuka yi da Yaya. Ina bakin ƙofa ranar. Ka ce masa ranar da idonka ya kasa ganin ƙusa, da hannunka za ka ba shi makulli ka koma gida. Yaya ba ya manta magana."

"Shi ya sa ya zama mutum."

"In ka koma gida me za ka yi? Ka zauna kana ƙirga ƙudaje? Kai ka ce ranar da ka bar bencin nan a fara haƙa kabari."

"Kai kuma in ka hau motar nan me za ka yi? Tasha ta biyu za ka dire ka shiga duniya, ba mu sake ganinka ba. Na san abin da na haifa." Baba ya nuna shi da hantsaki. "Nan ne kawai ka taɓa zama. Ina jin ka, wani lokacin awa biyu ba ka motsa ba. Innarku har sadaka ta yi."

"Zan bar maka kyamarar. Kunnawa kawai ce, zan nuna maka."

"In ta mutu fa? Wa zai bi min silin nan huɗu?"

"Laifina ne ai. Da na danna tun farko..."

"Da ni ma na ajiye hannuna a aljihu. Da-na-sani ƙeya ce, bar ta a baya."

Hon na babbar mota ya cika layin, gilashin tagar ya yi ta kaɗawa. Auta ya yi wuf ya ɗauke ɗan mitsitsin daga kan farar takarda ya jefa a aljihu. Ya janye agogon, ya mayar da fanel, ya kama hannun Baba ya mai da shi kujerarsa. Baba yana cewa "sake ni, sake ni," amma ya bi.

Suka jira. Minti ɗaya, biyu, biyar. Motar ta daɗe da mutuwa, amma ba a shigo ba. Ƙafar Auta ta koma aikinta.

Sannan aka turo ƙofa.

Yaya ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar ta yi masa gajarta tun yana ɗan shekara sha bakwai. Ya cire gilashin rana, ya durƙusa.

"Baba, barka da rana. Ya aiki?"

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Ya miƙe ya juyo. Bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan.

"Ina take?"

Auta ya nuna masa.

"Za ta tashi?"

"Ba za ta tashi ba."

"Wa ya kashe ta?"

"Babba, zauna tukuna," Baba ya ce wa Yaya. "Akwai magana."

"Ni ne," Auta ya yi saurin cewa. "Na bar ƙarfe a kanta ya daɗe. Hankalina na wani wuri. Kayana ba su da yawa, jaka ɗaya ce."

"Kai, rufe min baki. Babba, ka ji..."

"Baba so yake ya roƙar min, Yaya. Kada ka saurara. Mun yi magana, na karya, shi ke nan. Mu tafi."

Yaya ya daɗe yana kallonsa.

"Yau ce rana ta farko da ka karɓi laifi ba a matse ka ba. Ko kofi ka fasa sai ka ce iska ce."

"Mutum yana girma."

"Yana girma. Da ƙarfe nawa ka ƙona ta?"

"Da... wajen uku."

"Wajen uku." Yaya ya gyaɗa kai. "Na tsaya gaida Baba Tela kafin in shigo. Ya ce daga biyu zuwa biyar ko inuwarka ba a gani a layin nan ba. Ya ce ƙofa da sakata. Ya kuma ba ni labarin allura."

Auta ya kau da ido.

Yaya ya jawo kujerar Auta ya zauna a gaban Baba, gwiwa da gwiwa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, watan jiya na wuce ka a bakin titi. Na yi hon, na sauke gilashi, na ɗaga maka hannu. Ka kalle ni ka kau da kai. Na ce ko laifi na yi. Sai na ga ka sa ƙafa a kwalta, mai babur ya kauce maka da ƙyar, ba ka ma san an yi ba. Tun ranar ba na tuƙi da hankalina."

"Rana ce ta haske ni."

"To. Allah ya sa rana ce."

Ya miƙa hannu ya zare igiyar kyamara. Allon ya yi baƙi. Ya kwance agogon hannunsa, ya ja ɗan maɓallin gefensa, ya murɗa hannayen son ransa, ya ɗora shi a tafin Baba.

"Ka yafe min, Baba. Ƙarfe nawa?"

"Ni za ka yi wa jarrabawa? A shagona?"

"Ka yafe min. Ƙarfe nawa?"

Baba ya ɗaga agogon. Ya kawo shi kusa, ya nesanta, ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Daga inda Auta yake tsaye yana ganin komai sarai, gajeren hannu ya ɗan gota biyu, dogon yana kan uku. Ya yi tari. Yaya ya ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Uku da minti goma," in ji Baba, da ƙarfin murya, ya miƙa agogon. "Akwai wata tambayar?"

Yaya ya karɓa, ya goge idonsa da bayan hannu, ya miƙe ya kawo agogon daidai fuskar Auta.

"Kai karanta min."

"Yaya, ai kai ka saita shi."

"Na sani. Daga bakinka nake so. In ka ce uku da minti goma ne, na yarda, idon Baba lafiya, kai ka kashe waya, ɗauko jakarka mota na jira. In kuma wani abu ka gani daban, ka faɗa. Yau Baba ya ba ni makulli, gobe in kai shi asibiti, bencin nan daga bango zuwa bango naka ne."

Auta ya dubi Baba. Baba ya sa hannu a aljihun da makulli yake, ya riƙe, bai fito da shi ba.

"Faɗi abin da ka gani, Auta," in ji Baba.

"Da ƙarfi," in ji Yaya. "Yadda zai ji."